Harshen Zdenka

Tsohon mai gidan burodin ya saki takardar da ke hannunsa, ya tsaya yana kallon Seul-gi. Ba abin da ta yi illa gaisuwa da neman rabin burodi. Ya ce ta maimaita. Da ta maimaita, ya tambaye ta wa ya koya mata magana haka.

Ta ce Pani Kubatova ce, tsohuwar da take haya a gidanta, a lungun bayan coci.

Tun lokacin kaka Seul-gi ta zo birnin Prague daga garinsu Mokpo na ƙasar Koriya don karatun gyaran tsoffin zane-zane. Da farko harshen garin ya gagare ta, a aji sai ta zauna kamar kurma. Pani Kubatova ce ta tausaya mata. Kullum da la'asar takan zuba mata miyar dankali, ta faɗi magana, ta sa ta maimaita har sai ta fito yadda take so. Takan ce a ja wannan kalma, a haɗiye ƙarshen waccan, a yi 'yar dariya a nan. Kafin sanyi ya wuce malamai suna yaba mata, abokan karatu kuwa suna tsokanarta wai tana magana kamar iyayensu mata a zamanin 'yanmatancinsu.

Mai burodin ya ce tsohuwar tana da 'ya guda, Zdenka, ajinsu ɗaya a makaranta. Wata safiya, shekaru masu yawa da suka wuce, ta fita, kuma har yau ba ita ba labarinta.

"Da idona a rufe yake, da na rantse ita ce," ya ce. "Har tsamin bakin."

Seul-gi ba ta taɓa yin tsamin baki ba. A hanyar komawa ta riƙa furta kalmomi a hankali tana sauraren kanta, ta kuwa ji shi.

Daga ranar ta fara lura. Ta nemi almakashi, hannunta ya buɗe wani aljihun tebur da ba ta taɓa taɓawa ba, ga shi nan a ciki. Mahaifiyarta ta kira daga Mokpo, ta tambaye ta ko mura take yi, don muryarta ta sauya. Seul-gi ta so ta ce ta yi kewar gida, ta lalubi kalmar a harshensu ta rasa. Ta kashe wayar. Washegari ta nemi gado a ɗakin kwanan ɗalibai, aka ba ta.

Da hantsi ta sauko da akwatinta. Tsohuwar tana kicin tana wanke kofuna, ta ba ƙofa baya. Seul-gi ta shirya kalaman godiya da ban haƙuri, ta buɗe baki, sai wata magana dabam ta fito.

"Mama, ba zan daɗe ba. Ki bar min taga a buɗe."

Tsohuwar ta kashe famfo.

"Wannan ban koya miki ba," ta ce. "Abin da Zdenka ta ce min ke nan ranar da ta fita, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Ta goge hannu, ta ɗauko rigar sanyinta, ta ce wannan karon kam za ta yi rakiya. Seul-gi ba ta iya hanawa ba. Suka gangara lungun, tsohuwar riƙe da damtsenta, har tashar jirgin ƙasa na cikin gari.

Jirgin ya iso, ƙofa ta buɗe. Tsohuwar ta saki hannunta da kanta, ta ja da baya. Seul-gi ta tsaya tana ƙoƙarin tuna a wace unguwa ɗakin ɗaliban yake. Mutane suka kewaye ta suka shiga. Ƙofa ta rufe.

Da jirgin ya sha kwana, Pani Kubatova ta tambaye ta ko akwatin ya yi mata nauyi. Ta ce a'a. Suka juya gida, Seul-gi ce ma a gaba.