Sakin da Malama Kazue Ta Nema

Farfesa Ogaki bai ma bari Malama Kazue Tominaga ta zauna ba ya fara. Sabon shugaban sashensu ne a jami'a, daga fannin gina gadoji aka ɗauko shi, mutum mai sanƙo da yake jawo gashin gefe ya rufe, wai ba a gani.

"Malama Tominaga, kwamiti ya duba aikinki. Gaskiya babu auki. Ɗakin na'urarki za mu ba wasu a sabon zango."

Kazue ta tsaya riƙe da jaka. A ɗakin nan ta yi furfura. Aikinta shi ne ta lallaɓa furotin har ya daskare ya zama ƙwaya kamar ta gishiri, ta haska shi da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi, ta gano yadda aka gina shi. Daga biranen ƙetare irin su Busan da Taipei, har daga Turai ake aiko mata da kwalabe cikin ƙanƙara, masu binciken magani suna jiran amsarta. Wani furotin sai ya shekara yana yi mata yanga kafin ya daskare.

"Ranka ya daɗe, wane aikin kuka duba?"

"Duk abin da ke ɗauke da sunanki. 'Yan rahotanni ne kawai." Ya gyara tabarau, ya sassauta murya irin ta mai yi wa yaro nasiha. "Na tambayi masana a waje, kowa Shiraishi, Shiraishi. Wannan shi ne namijin duniya a fanninku. Me zai hana ki nemi haɗin gwiwa da shi, ko kya koyi wani abu?"

Kai! Malam Hirai akawu, da ke gefe, sai ya shiga neman wani abu a ƙarƙashin tebur wanda bai faɗi ba.

"Ni ce Shiraishi," in ji Kazue.

"Na'am?"

"Sunan gidanmu ne. Da shi na fara buga bincike tun ina budurwa, da shi duniya ta san ni. Tominaga na mijina ne. Doka ta ce miji da mata suna ɗaya, na ɗauka, kuka manna shi a ƙofata."

Sanƙon Ogaki ya yi ja har ta cikin gashin aro. Mai kunya da sai ya sunkuya ya ba da haƙuri. Shi kuwa sai ya juya wa Hirai.

"Ƙa'ida me ta ce?"

Hirai ya fito daga ƙarƙashin tebur. "Sunan da ke rajistar iyali kaɗai ake ƙirgawa, ranka ya daɗe. Ba ni na tsara ba."

"To kin ji. Jami'ar nan ba ta da ma'aikaci mai suna Shiraishi. Da ma muna da shi!"

Ka ji fa. Kazue ta sunkuya masa daidai gwargwadon ladabi, ko ɗigo ba ta ƙara ba, ta fita.

Ba ta koma ɗakin na'ura ba. Jirgin ƙasa ta hau zuwa unguwa, ta samu mijinta Shozo a shagonsa yana suyar awara, tawul ɗaure a ka. Shagon kakansa ne, sunan Tominaga a saman ƙofa ya fi su duka tsufa, don haka babu maganar shi ya ɗauki nata.

"Malama, yau da rana tsaka? Ko gishirin naki ya narke?"

"Maigida, rabuwa za mu yi."

Ya juya awara ɗaya, ya juya ta biyu. "Saboda minsharin?"

"A takarda kawai. In karɓi sunana, in karɓi ɗakina. Gida kuwa ina nan, miyarka ba za ta canza ba."

"Kash. Na ɗauka ko miyar ce za ta gyaru."

Ta ɗaga jaka kamar za ta maka masa, sannan ta zayyana masa komai, har da namijin duniya. Shozo ya yi dariya har da riƙe ciki, amma da ya kalli fuskarta sai ya daina.

"Inna kuma fa?" ya ce a hankali. "In ta ji, sai ta kwanta asibiti don a zo gaishe ta."

"Kai za ka gaya mata. Uwarka ce."

Ya kwashe awarar, ya kashe wuta, ya kwance tawul ya goge hannu ya daɗe yana gogewa.

"Shekarun nan duka ina auren shahararren mutum ban sani ba. To mu je, ma'aikatar gari ba su tashi ba. Amma fa shaidu biyu ake nema su buga hatimi. Wa zai yarda ya raba auren da ba shi da laifi?"

Kazue ta ɗauki awara mai zafi ta gatsa.

"Hirai zai buga. Na biyun kuwa, gobe da safe zan kai wa Ogaki har tebur."