Damin Waya Huɗu

Mijina ya daina sanina tun bara. Ba faɗa muka yi ba, ciwon mantuwa ne. Da safe in na kai masa shayi sai ya gyara zama, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, baiwar Allah." Ni ce baiwar Allah. Mutumin da ya shekara talatin da wani abu yana kirana Sarkin Gardama, yau shi ke yi mini ladabi kamar baƙuwa. Wallahi da ladabin nan gara zagi.

A wurin aiki muka haɗu, a ɗakin na'urorin ajiya na wani babban asibiti. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin firji, ba taga, sai ƙugin fankoki. Duk hoton da aka ɗauki majiyyaci, duk takardar da likita ya rubuta a kwamfuta, can suke kwana. A ɗakin akwai manyan akwatuna biyu da ke raba hanya tsakanin kwamfutoci da rumbun ajiya, suwic muke ce musu, ɗaya a wannan layi, ɗaya a bayansa. Wanda ke gaban wannan ba ya hango na gaban wancan.

Shi aikinsa ɗaure dami. Waya ɗaya tsakanin akwatunan ba ta isa ɗaukar kaya, sai ya haɗa huɗu ya saita su su zama hanya guda, in ɗaya ta mutu sauran su ɗauke nauyinta. Kuma dole tsawonsu ya zo ɗaya, gudunsu ɗaya, in ba haka ba na'urar ta ƙi karɓarsu. Da tef ɗin tela yake auna su, yana ƙunƙuni. Kowace ya naɗa mata salatif a kai da gindi: ja, kore, shuɗi, fari.

Ni kuma nawa rabon layi ne, wato wa zai fara wucewa in hanya ta cushe. Hotunan ɗakin tiyata a layin sama, aikin ofis a tsakiya, kwafin ajiya a can ƙasa. A nan muka fara faɗa, tun ban san zan aure shi ba. Na ce in hanya ta cika a tsayar da layin ƙasa cak, rai ya fi kwafi. Ya ce a'a, ko yaya aka matsu a bar wa na ƙasa ɗan kasonsa, don wanda aka hana gaba ɗaya mutuwa yake yi a tsaye ba a sani ba. Muka yi ta yi har mai shara ya leƙo ya ga ko dambe ake. A ƙarshe na bar wa layin ƙasa kasonsa, amma ban taɓa ce masa ya fi ni gaskiya ba, kuma ba zan fara yau ba.

Har gida abin ya bi mu. In yara suka yi cirko-cirko a ƙofar banɗaki da safe, sai ya ce, "Mai jarrabawa layin sama, sauran ku bi baya." In na yi mitar ya daɗe a ofis, na ce ai ni layin ƙasa ce a wurinsa, sai ya yi dariya ya ce, "To ai ba a hana ki kasonki ba."

Makon jiya shugabar sashen da muka yi aiki kafin mu yi ritaya ta kira ni. Mu muka koya mata aiki, yanzu ita ma furfura ta fara yi mata sallama. Ta ce, "Anti, an kawo sababbin na'urori, mun kwashe kusan komai. Ranar Asabar da hantsi za mu kwance tsohon damin. Na ce ba zan taɓa shi ba sai na gaya miki. Ko za ki zo da Baba?"

Na ce me zai gane? Amma na san ƙarya nake wa kaina. So nake ya san ni, ko da sau ɗaya ne, kafin abin ya ƙarasa cinye shi.

Ranar Asabar ɗin na sa masa rigar sanyinsa ta da, mai yagaggen aljihu. A mota yana ta yi wa direba godiya. Da muka shiga ɗakin, sanyin ya buge mu, ƙugin nan ya cika mana kunne. An canja fitilu, an canja ƙofa, amma akwatunanmu na nan, sun yi uban tsufa kusa da sababbin. Salatif ɗin ya koɗe, jan ya koma kamar ruwan hoda.

Mijina ya tafi kai tsaye gaban akwatinsa, ya tsaya, ya goge tafin hannunsa a jikin riga kamar yadda yake yi kullum kafin ya taɓa waya.

Muna da yadda muke kwance dami, mu biyu muka ƙirƙiro abinmu. Ba a zare waya sai da mutum a kowane gefe. Shi zai kira launi, ni in amsa daga bayan layi, ya zare, in ga fitilarta ta mutu a wajena, in jira har sauran su ɗauki kayan, sannan in ba shi izinin ta gaba. Shugabar ta dube ni, ta nuna mini bayan layin da haɓa. Na zagaya na tsaya a tsohon wurina, inda ba ya ganina.

Na daɗe ina kallon ƙananan fitilun nan suna ƙyaftawa. Har na fara cewa a raina mun wahalar da bawan Allah a banza. Sai na ji muryarsa ta ratso ƙugin, da ƙarfinta, ba irin ta mai shan shayi ba.

"Sarkin Gardama, kina nan ko kin tafi yawo?"

Na dafa ƙarfen akwatin. Na ce, "Ina nan, Injiniya. Kai ake jira tun ɗazu."

"Ja."

"Ja," na amsa. Fitilar ta mutu. Na ga sauran ukun sun ƙara sauri. "Sun ɗauka."

"Kin bar wa na ƙasa kasonsa?"

"Na bar masa, don dai kada ka ishe ni da surutu."

Ya yi dariyar nan tasa mai kama da tari. Muka sauke kore, muka sauke shuɗi. Ina amsawa hawaye na zuba, ban ko share ba, don ban taɓa jin daɗi irin na wannan hantsin ba tun da ciwon ya shigo gidanmu.

Saura farar waya. Haƙuri ya ƙwace mini, na zagayo da sauri don in ga idonsa yana sanina. Yana tsaye, yatsunsa a kan farar wayar. Ya ɗago ya dube ni, ya saki wayar, ya ɗan rusuna.

"Sannu, baiwar Allah," ya ce. "Don Allah ɗan matsa, aiki muke. Matata na bayan akwatin nan, ita nake jira ta ba ni izini."

Shugabar ta kau da kai. Na ce masa to, Allah ya ba da sa'a. Na je kusa da ita na tambaye ta a hankali ko waya ɗaya za ta iya riƙe abin da ya rage. Ta ce za ta riƙe har yamma, ba abin da ke bi ta kai sai kwafin layin ƙasa.

Na koma bayan akwatin.

"Fari," in ji shi.

Na ce, "Dakata tukuna, Injiniya. Ba su gama wucewa ba."

"Ke dai ba kya rabo da gardama," ya ce. "To, ina jira."