Baƙuwar da Aka Hana Tsintsiya

Malama ta daɗe tana koyar da ajin matasa a cocin unguwarsu, har ta fara jin babu ɗan shekara goma sha uku da zai iya ba ta mamaki. Ranakun aiki tana tsaron kantin magani, ranar Lahadi kuma tana fama da yara a wani ɗan ɗaki bayan coci, mai dogayen bencuna da tsohuwar fanka da ba ta iya komai sai ƙara. Darasin wannan zangon kuwa a kan zumunci ne: ikkilisiya, wato jama'ar coci, gida ɗaya ce, kowa ɗan gida ne. Ta faɗa da baki, ta zana a allo, ta sa sun riƙe hannun juna sun yi da'ira, har Dogo, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya ce shi kam tafin hannunsa ya gaji da haɗin kai.

A cikin ajin akwai wata yarinya da aka kawo wurin kakarta bayan rasuwar mahaifinta. Ranar da ta fara zuwa, Fasto ya ce baƙi su miƙe, ta miƙe, aka yi mata tafi. Malama ta tara 'yan ajin a gefe ta ja musu kunne, ta ce duk wanda ya ɓata wa yarinyar nan rai zai gamu da ita. Yaran kuwa suka ji magana fiye da yadda aka so. Bencin gaba nata ne. In an kawo ruwa ita ke fara sha. In ta kai hannu ga tsintsiya sai Auta, ƙaramar ajin, ta yi wuf ta karɓe. Watanni suka shuɗe ana riƙe da ita kamar ƙwai, kuma har yanzu Baƙuwa ake ce mata. Malama kuwa in ta dube su sai ta ji daɗi a ranta, tana ganin darasinta ya shiga.

Wata ranar Laraba kakar yarinyar ta shigo kanti sayen maganin hawan jini. Malama na tsaye kan kujera tana jera kwalaben maganin tari, ta sauko ta gaishe ta.

"Mama, ya jikin? Ya Baƙuwarmu?"

"Jiki da sauƙi, 'yata. Ita kuwa Baƙuwar taku ta ce ba za ta ƙara zuwa ajinku ba. Ta ce za ta riƙa zama kusa da ni a cikin manya, in an tashi mu tafi gida."

Malama ta ajiye kwalbar da ke hannunta. "Wa ya taɓa ta? Dogo ne ko?"

"Na tambaya, ta ce ba wanda ya yi mata komai. Ki je ki ji da kunnenki, ni na gaji."

Ranar dai Malama ta yini ba sukuni. Abin ya yi mata ciwo, don duk cikin ajin babu wanda ta wahala a kansa kamar yarinyar nan. Tana rufe kanti da yamma ta bi layin masu gyaran babur ta nufi gidan.

Tun daga ƙofa ta ji hayaniya. Kaka ce ke faɗa a kan an bar sabulu cikin ruwa, wata murya kuma na amsa mata da ƙarfi, tana cewa ai ba ita ta bari ba. Malama ta leƙa. Baƙuwa ce durƙushe gaban baho, hannu duk kumfa, tana cuɗa zanen gado kamar da shi take faɗan. Malama ba ta taɓa sanin yarinyar na da murya haka ba. Amma tana ganin Malama sai ta miƙe, ta sunkuyar da kai, ta koma salihar da aka sani a coci.

Malama ta jawo kujera ta zauna. "'Yata, me muka yi miki?"

"Ba komai, Malama. Kuna da kirki."

"To, me ya sa za ki bar mu?"

Yarinyar ta daɗe tana murza kumfa a yatsunta. "A cocinmu na da, ni ke wanke ƙananan kofunan Jibin Ubangiji, waɗanda ake shan ruwan inabi da su. Ni da ƙawata. In muka bar ɗaya da datti sai malamarmu ta sa mu sake duka." Ta ɗago kai kaɗan. "A nan ranar Asabar kowa na da aikinsa, ban da ni. Ran nan da muka makara tare da Dogo, shi kika yi wa faɗa, ni kika ce mini sannu da zuwa. In suna wasa da dariya na matso sai su yi shiru, su gyara mini wuri. Malama, kullum ji nake kamar yau na zo."

Malama ta sunkuyar da kai. Kunya ta kama ta ƙwarai. Ita da ta cika allo da maganar 'yan gida ɗaya, ashe da hannunta ta tsayar da yarinya a bakin ƙofa, tana ta yi mata fifita.

"Ranar Asabar akwai wankin kofuna," in ji ta. "Ke da Auta. Kada ki makara."

Yarinyar ta sake durƙusawa gaban baho. Ta koma kan wankinta.

Ranar Asabar yara suka watsu cikin coci, wasu na kakkaɓe bencuna, Dogo na goge ƙasa yana waƙar da shi kaɗai ya san kanta. Malama na goge allon sanarwar coci, amma idonta na kan ƙofa. Har ta fara cire rai sai ga yarinyar ta shigo. Ta ɗauki bahon kofuna, nan take yara biyu suka zabura za su karɓa.

"Ku bar mata kayanta," in ji Malama. "Ba ku da naku aikin ne?"

Suka dubi juna, suka koma. Auta ta tsuguna kusa da ita a ɗarare. Ba a jima ba Malama ta ji yarinyar na cewa ba haka ake yi ba, sai an ɗauraye sau biyu kafin a kife. Auta ta ce su a nan sau ɗaya suke yi. Wannan ta ja baho, waccan ta ja, sai kawai bahon ya kife. Ruwan kumfa ya malale a kan ƙasar da Dogo ya gama gogewa, kofuna suka yi ta gangarawa ƙarƙashin bencuna.

Duk suka juyo suna kallon Malama. Ita kuwa "ba komai, 'yata" ya riga ya zo mata har bakin leɓe. Da ƙyar ta haɗiye shi.

"Wane irin shashanci ne wannan? Kin zo a makare, kin kuma zo kina mana ɓarna! Kayan Ubangiji ne abin ja-in-ja? Maza ɗauki tsumma ki goge wurin nan tas. Ke ma Auta, ki bi kofunan nan ki tsince su, ku sake wankewa daga farko."

Dogo da ya ga dama ta samu sai ya sa baki. "Ni dai bayana ya ƙage, wata ta zo ta maida mini coci kogi!"

"Kai kuma wa ya sa da kai?" yarinyar ta harare shi, ta fizge tsumman daga hannunsa.

Ta durƙusa tana gogewa, tana matsewa cikin bokiti. Malama ta hango hawaye na bin kumatunta, sai tsoro ya kama ta, ko ta wuce gona da iri, ko yanzu ne yarinyar za ta jefar da tsumman ta fita ke nan. Ta riƙe bakin benci ta hana kanta matsawa.

Yarinyar ta share hanci da bayan hannu. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malama, ni mako mai zuwa ba zan yi wanki da Auta ba. Ba ta iya ɗauraya ba."

"Ni ce ban iya ba?" Auta ta leƙo daga ƙarƙashin benci da kofuna cike da hannu.

Malama ta juya ga allo don kada su ga fuskarta. "Da ita za ki yi," in ji ta, "ko kin ƙi ko kin so."