Tsibi Na Uku

"To ni boka ce? Na ce miki ban sani ba!"

"Haba Inna, hannunki fa ya gina su. Yaya mutum zai kasa gane aikin hannunsa?"

"Ke ma ai aikina ce, ga shi kwana huɗu ina kallonki ban gane ki ba."

Auta ta cije leɓe. A ɗakin ƙasa na cibiyar koya wa yara tonon tarihi ake wannan sa-in-sa, uwa da 'ya, kowacce da taɓo har gwiwar hannu. Mako biyu ke nan da janyewar ambaliya, amma ga zanen da ruwan ya bari a bango nan daidai ƙirjin mutum, ga warin ruɓaɓɓen kwali da ya ƙi fita duk da tagogin a buɗe suke. A kan dogon tebur kuwa guntayen fasassun tukwane ne, Inna ta kasa su tsibi uku.

Cibiyar nan ba ta gwamnati ba ce, ba ta ɗan kasuwa ba. Mijin Inna ne ya kafa ta, wanda kowa ke kira Farfesa, ko da yake masu dogon baki sun ce jami'ar da ya shiga ba ta riƙe shi ya kai shekara biyu ba. Shi dai ya amsa sunan, bai taɓa gyara wa kowa ba. Shekara talatin ya yi yana durƙuso a tsoffin kufai, duk guntun tukunyar da ya tono sai ya sa shi a 'yar jakar takarda, ya rubuta inda ya same shi, da zurfin ramin, da abin da ke kwance kusa da shi. Da wannan rubutu ake sanin su wa suka yi girki a ciki, da kuma yaushe. In babu shi, sharar bayan madafa ce kawai.

Aikin Inna kuwa, a gaya muku gaskiya, ƙarya ce. Takan gina tukwane, ta gasa, ta rotsa su da kanta, ta mulke da toka da ƙasa, sannan ta binne a wani babban ramin yashi da ke bayan cibiyar. Motocin makarantu su zo su juye yara, a ba kowa buroshi da rariya, su wuni suna tono suna ihu. Kowane yaro da guntu ɗaya yake komawa gida a aljihu. Farfesa kuma ga mita: "Yara ba wawaye ba ne, ki yi shi kamar na gaske." Ta yi ta kwaikwayo har zanen igiyar da ke wuyan tukwanen mutanen da, har baƙin hayaƙin gindinsu. Ɗigon farin fenti a bayan guntu kaɗai ke raba nata da nasa.

Sai annoba ta zo. Aka rufe makarantu, ciyawa ta tsiro a ramin yashi. A wata na biyu cutar ta ɗauke Farfesa, ta bayan gilashin asibiti suka yi masa kallon ƙarshe. Auta ta ajiye aikinta na koyarwa ta karɓi makullai. Ita ce ta kawo dabarar cewa tunda yara ba sa iya zuwa rami, a kai musu ramin gida: a curo ɗanyen bulo na laka, a ɓoye guntu a ciki, yaro ya kankare a tsakar ɗakinsu. Inna ta duƙufa, dama hannun na neman abin yi don kada zuciya ta fashe. Shagunan fenti a rufe, sai ta riƙa ɗiga alli. Buloli suka taru har kusan rufi, makarantun da suka yi alkawarin aiko mota kuwa biyu kaɗai suka cika.

Shekarar da aka fara cewa za a sake buɗe cibiyar, ruwa ya shigo ta ƙofar baya. Buloli suka narke, kwalayen Farfesa suka fashe, jakunkunan takarda suka zama laka, alli kuwa ko sallama bai yi ba. Nata da nasa suka kwanta cikin taɓo ɗaya.

Kwana huɗu Inna tana tantancewa. Ta ƙwanƙwasa guntu a haƙorinta na gaba ta saurara, ta lasa, ta shinshina, ta kai shi bakin taga ta juya. Tsibin dama nasa ne, wanda ta tabbatar. Na hagu nata, ko kwano ɗaya ba zai cika ba. Na tsakiya kuwa, wanda ta kasa rantsewa a kansa, ya fi su biyun a haɗe sau biyar.

"Inna, ki saurare ni," in ji Auta, ta sassauta murya. "Ran Litinin yara sittin za su zo. Shekara uku motar yara ba ta tsaya a ƙofar nan ba. Duk sauran makarantun sun cire mu daga jadawali, sun koma kai yara gidan namun daji. Wannan ɗayar ma sai da na yi wa shugabarsu zarya kamar mai neman aure. In suka zo suka tarar da rami wayam, shi ke nan, ba mai sake waiwayarmu."

"In gina sababbi mana."

"Da wane murhu? Wanda ruwa ya kwantar? Ko da yana tsaye, yumɓu zai bushe a kwana uku cikin wannan lema?"

Inna ta mai da hannu kan guntayen ta ci gaba da juya su.

"A ba ni na tsakiya in binne," in ji Auta.

"Ranki ya daɗe, Shugaba! Wato yara su tafi da ubanki a aljihu, su yi jifar kare da shi a hanya."

"Yawanci ma naki ne."

"Yawanci! In na ɗebo miki ƙwayoyin magani na ce yawanci na ciwon kai ne, za ki haɗiya?"

Ta miƙa hannu ta ɗauko wani guntu daga tsibin, bakin tukunya ne mai zanen ƙayar kifi. Ta tuna ranar da Farfesa ya shigo da irinsa a tafin hannu, yana rawar jiki kamar wanda aka yi wa haihuwa, ya ce ya fi shekara dubu. Ta kuma tuna ta kwaikwayi wannan zane ya fi sau ɗari, da tsinken tsintsiya, shi yana tsaye a kanta yana cewa ta ƙara karkata hannu. Ta shafa shi da babban yatsa. Yatsan bai gaya mata komai ba. Da mutumin yana nan, kallo ɗaya zai yi ya faɗa. Shi ya koya mata ƙaryar har ta gagare ta, ya kuma tafi ya bar ta da ita.

"Takardun Baba sun riga sun narke, Inna," Auta ta ce a hankali. "Ko na gasken ne, yanzu ba ya iya gaya wa kowa komai. Baba da kansa ya sha faɗa. Gara ya faranta ran yaro da ya zauna a bokiti."

"Kada ki jawo mini maganarsa."

"Baba ya rasu. Yaran nan suna da rai."

Nan fa Inna ta ɗago. Akwai maganar da ta yi mako biyu tana dannewa a ƙarƙashin harshe, direban cibiyar ya sani, mai shara ta sani, kowa ya yi gum.

"Shekara talatin kwalayen nan suna ɗakin sama," ta ce. "Ko ɓera bai taɓa su ba. Wa ya sauko da su?"

"Inna..."

"Wa ya ce ɗakin sama ya fi haske, a can za a riƙa ɗaukar bidiyon darasi? Bidiyon da mutum bakwai suka kalla, uku a ciki 'ya'yan direba ne? Ko wata huɗu ubanki bai yi a kabari ba kika kwashe masa kaya kika jibge kusa da bulolina. Ba ruwa ne ya ci aikin ubanki ba, ruwa ya zo ya tarar an ajiye masa ne."

Tun kafin ta rufe baki ta so a ce ta haɗiye harshenta. Auta ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Fuskar ce kawai ta saki, ta koma irin ta ranar da suka tsaya a bayan gilashin asibiti.

"Kin ɗauka ban sani ba?" ta ce. "Kin ɗauka akwai safiyar da nake tashi ban ƙirga matakalar benen nan ba? Ni na ɗauko su a kaina, ɗaya bayan ɗaya. Don cibiyarsa kada ta mutu na yi."

"Auta, zo nan. Bakina ne, kin san shi."

Auta ta kwance igiyar makullan daga wuyanta, ta ɗora a kan tsibin tsakiya, guntaye biyu suka gangaro ƙasa.

"Ki riƙe su duka, naki da nasa. Zan buga wa makarantar in ce kada su zo."

"Tsaya mana, 'yar nan, a binne rabi..."

Ƙofar ta kumbura da ruwa, tun ambaliyar ba ta rufuwa sai da lallashi. Auta ta fita, ta fizgo ta da hannu biyu, ta buga garam.