Naman Biki da Siririyar Waya

Ranar Alhamis da hantsi Malam Zakariyya'u mahauci ya zo daga Makera ya yanka sa a gidan Anti Larai a Kamazou. Shi take kira duk sanda za ta yi taro, don baƙinta Musulmi su ci hankali kwance. Auren 'yarta Debby sai Asabar. Aka loda naman a sabuwar firiza, aka jona, kowa ya koma aikinsa.

Da azahar Larai ta buɗe firizar, ta tarar naman bai ko fara sanyi ba.

A haka Hope ta same ta. 'Yar ƙaninta ce, sana'arta haɗa wa gidaje sola.

"Gawa suka sayar mini," in ji Larai. "Sabuwa fil a leda, ashe gawa ce."

"Ina take, Anti?"

Larai ta wuce gaba. Suka ratsa falo, inda matan coci ke tsince shinkafa, suka tsallaka tsakar gida har ɗakin ajiya na can baya. Firizar na bayan buhunan masara, an lulluɓa mata zane. Hope ta saurara. Injin ya yi gurnani, ya yi ƙas, ya yi shiru. Jim kaɗan ya sake.

Ta bi wayar da ido. Sirara ne guda uku aka jojjona, sun fita ta taga, sun bi gindin katanga har soket ɗin falo.

"Taɓa nan, Anti."

Larai ta taɓa, ta janye hannu. "Yesu! Ai zafi gare ta."

Hope ta ciro mitar awon wuta daga jaka. A bangon falo ta sami volt ɗari biyu da ashirin. A bakin firiza ma haka, har sai da injin ya yunƙura. Nan take lambar ta faɗo ɗari da sittin.

"Firizarki lafiyarta ƙalau. Wuta ce ba ta isarta."

"Ga wuta a gida tun safe!"

"A bango take. Ki ɗauka tankin ruwanki ne. Tsayinsa shi ke turo ruwa, shi ne volt. Ruwan da ke gudu a tiyo shi ne wutar da ke tafiya cikin waya. In tiyon ya yi tsawo kuma ga shi siriri, me ke fita a bakinsa?"

"Ɗigo."

"To haka waya take. Iya tsawonta da sirantarta, iya turjiyar da take yi wa wuta. Ƙwan fitila ba zai damu ba, kaɗan yake sha. Injin firiza kuwa da yawa yake zuƙa in zai tashi. Sai ƙarfin ya ƙare a hanya, ya zama zafin da kika ji. In aka bar shi haka, ko injin ya ƙone ko wayar."

Malam Zakariyya'u, da ke wanke wuƙaƙensa a bakin famfo, ya leƙo. "Ni ban san volt ba, Maman Debby. Amma nama ba ya jiran bayani. In ya kai magariba a haka, sai dai mu yi wa amarya kilishi."

"Me ya kawo firizar ɗakin nan tun farko?" in ji Hope.

Larai ta rage murya. "Ba ki san unguwar nan ba. Ranar da aka ga firiza a gidanka, ta zama ta kowa. Wannan ta kawo zoɓo, waccan kifi, wata ta aiko da miyar da ta kwana. Kuma da wane baki za ka ce a'a, alhali benci ɗaya kuke zama ran Lahadi?"

"Zan iya ja miki layi da waya mai kauri, amma ba zai ƙare yau ba. Abin da zai yiwu yanzu shi ne falo, a jona ta a bango kai tsaye."

"Falon da suke zaune?"

"Shi."

Larai ta dubi firizar, ta dubi ƙofa. Can ta fizge zanen ta yafa a kafaɗa.

"Malam, ajiye wuƙar nan ka kama mana."

Suka kwashe naman a robobi, suka ɗauko firizar su uku, suka shiga da ita falo. Hira ta tsaya. Farantan shinkafa duk suka tsaya a cinyoyin matan. Hope ta bari injin ya ɗan huta, sannan ta jona. Ya tashi lokaci guda, ya ci gaba da ruri a hankali. Lambar mita ta ɗan motsa ta dawo.

"E, tawa ce," in ji Larai, ba tare da an tambaye ta ba. "Kuma a cike take."

Malam Zakariyya'u ya bi naman yanki yanki, yana shinshinawa yana mayarwa. Ya ware roba ɗaya gefe.

"Tsokar ta tsira. Kayan cikin nan dai ba za su kai Asabar ba."

"To yau za a ci su," in ji Larai. "Hope, ajiye na'urar nan ki yanka albasa."