Huda Biyu a Bakan Baba

Kwarin da Bahago yake ratayawa a baya ya zame masa ƙarfen ƙafa. Da ya sunkuya ƙarƙashin reshe sai kibau su kama surutu, barewar da aka sha wuya aka laɓaɓo ta ɗaga kai ta ƙara gaba. Yayansa, wanda shi ne shugaban maharban, ya gaji da ba shi uzuri.

"Ko ka nemo kwarin da ake ɗaurawa a jikin baka, ko ka zauna gida," in ji shi. "Mutane sun fara magana."

Maganar ta yi wa Bahago zafi, don farautar nan ita kaɗai ce ta rage tana haɗa su tun rasuwar mahaifinsu. Ya ɗauki bakan tsohon, wanda ya faɗo a rabonsa, ya nufi shagon kayan harbi.

Shagon ɗan ƙanƙane ne, sai warin sabuwar fata. Mai shagon ya ciro kwari mai maɗauri ya ɗaura masa. Bahago ya ɗaga baka, gashin kibau ya tsaya cak a gaban idonsa.

"Au, ashe da hagu kake harbi?"

"Tun da na shigo da wane hannu ka ga ina riƙe abu?"

Aka tono na 'yan hagu daga ƙasan kwali, duk ya yi ƙura. Harbi ɗaya a bayan shago, kwarin ya sulale ya rungumi hannunsa. Aka ƙara ɗaurewa, ya sake sulalewa, don bakan tsohon siriri ne, gumin shekaru ya mai da shi sumul. Bahago ya ji kamar ya yi jifa da shi kan rufi.

"Saura ɗaya, Malam," in ji mai shagon. "Ba ya motsi, ba ya ƙara. Amma da noti ake kafa shi, sai an huda bakan wuri biyu."

Bahago ya fita, ya kai bakin titi, ya tsaya yana tsaki. Ya dawo. Shi da kansa ya danne bakan a kan tebur, ya kau da kai har injin hudar mai shagon ya yi shiru.

Ranar fita farauta ya riga kowa zuwa. Ya girgiza bakan a gaban yayan, ko ƙis ba a ji ba. Yayan ya karɓa yana murmushi, ya juya shi, sai babban yatsansa ya sauka a kan noti. Murmushin ya ɗauke.

"Huda shi ka yi?"

"Yaya, kai fa ka ce..."

"Na ce ka nemo kwari. Da na san bakan Baba za ka huda, wallahi da na bar ka da ƙararka."

Ya miƙa masa ba tare da ya dube shi ba, ya shige gaba. Bahago ya bi sahu a can baya, babu wanda ya ji motsinsa har suka shiga daji.