Ranar da Aka Kaɗa wa Nagoda Takensa

Yayana Nagoda ɗan dambe ne. Duk mahautan Tudun Wada sun san hannunsa, wasu ma haƙoransu ne suka fi saninsa. To sai zuciya ta yi masa tsiya, daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya haki. A asibiti aka ce bawul ɗin zuciyar ne ya lalace. Suka tsaga ƙashin ƙirjin kamar yadda muke tsaga na rago, suka sa masa na ƙarfe mai ƙas-ƙas, suka ɗaure ƙashin da waya.

Ranar da za a sallame mu Sista Gladys, nas ɗin da ke kula da shi, ta kama min kunne.

"Suhaibu, kai ne mai baki, to buɗe kunne. Ƙashin nan bai haɗe ba, ga maganin tsinka jini yana sha. Naushi ɗaya a ƙirji, kar ma ku kawo shi nan."

Na ce, "Sista, ko sauro ne sai ya nuna min katin shaida kafin ya sauka."

Ranar Juma'a bayan la'asar yana zaune a benci a ƙofar gida, sai ga mahauta sun zo dubiya, har da Baba Salmanu makaɗi rataye da kalangu. A bayansu ga Zulkiflu na Kwangila, wani ƙato da yayana ya taɓa shimfiɗewa a gaban budurwarsa.

"Sannu da jiki, Nagoda," in ji Zulkiflu. "Na ji an mai da kai agogon bango."

Baba Salmanu kuwa, wai don karramawa, ya matse kalangu ya saki taken Nagoda. Shi a ganinsa gaisuwa ce. Amma ɗan dambe ba ya jin takensa yana zaune. Na ga tsikar jikin Yaya ta tashi, ya miƙe, ya fizge igiyar akuyar Inna ya fara naɗe hannu.

"Baba, don girman Allah ka tsaya!"

"Ba a yanke take a tsakiya, yaro."

Zulkiflu ya cire riga yana murmushi. Ni da ko kaza ban taɓa dokewa ba, na tuna dokar fage: in biyu sun kama, na uku ba ya shiga. Sai na daka tsalle na ɗauke Zulkiflu da mari.

"Ni ne naka, mai kai kamar tukunyar ƙosai!"

Wallahi naushin farko ban gan shi ba, sai dai na ji gishiri a baki. Na biyu ya rufe min idon hagu. A dambe in hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an kashe ka, fage ya buɗe wa na gaba. Na gaba kuwa yayana ne. Don haka na tsaya.

"Shi ke nan? Ƙanwata Sumaiya ta fi ka hannu!" na ce masa.

Ya sakar min a haƙarƙari, na ji wani abu ya ce ƙaras. Na tofar da haƙori, na rungume shi, na gartsa masa cizo a kafaɗa. Ya ɗaga ni sama ya maka ni da bangon gidanmu. Sai ga ni a ƙasa, jini yana bin wuyana.

Yaya ya shigo fage. Ya yage rigarsa, ɗinkin nan ya fito, ja wur, tun daga maƙogwaro har kusa da ciki. Kalangu ya yi shiru da kansa. Zulkiflu ya ƙura wa ɗinkin ido, ya kalli hannunsa, sai ya sunkuya ya dafa ƙasa.

"An kashe ni," ya ce.

"Tausayina kake ji, ɗan iska? Tashi!"

Yana ɗagowa Yaya ya zabga masa ɗaya a muƙamuƙi. Ƙato ya zube, bai rama ba. Yaya kuwa ya dafe ƙirji ya durƙushe, bakinsa a buɗe, iska ta ƙi shiga.

Zulkiflun nan dai, da muƙamuƙi a karkace, shi ya sungumi Yaya zuwa keke napep. Ni na rarrafo na shige baya, ina riƙe da kan Yaya ina zagin direba ya taka.

Hoton ƙirji ya nuna waya ɗaya ta tsinke, jini ya taru a ƙarƙashin ɗinkin. Bawul bai motsa ba. Suka sake shiga da shi tiyata.

Ni da Zulkiflu aka jera mu a benci ɗaya ana ɗinke mu. Sista Gladys ko kallona ba ta yi ba. Sai bayan isha'i likita ya leƙo ya ce Yaya ya farfaɗo, yana tambaya.

"Ni yake nema ko?" na ce.

"A'a. Wai wa ya ci?"

Zulkiflu ya nuna ƙofar ɗakin da Yaya yake da yatsa, don bakinsa ba ya buɗuwa.